Tunau da Tsinkayen Cin Sushi

A wani ƙauyen masunta da ke bakin dam ɗin Tiga akwai wata tsohuwa, Iya Dudu, da 'ya'yanta biyu. Babbar, Lantana, ta yi aure tana Abuja. Ƙaramin shi ne Tunau, ƙato har da gemu, mai ladabi, ba ya ƙarya, sai dai duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ni ban taɓa ce masa wawa ba, ko da yake duk ƙauyen haka suke ce masa. Idon Iya Dudu ya soma mutuwa, kuma abu ɗaya ne ya hana ta barci: in ta faɗi ta mutu, wa zai riƙe Tunau? Sai ta roƙi surukinta Isuhu, mijin Lantana, wanda ke aikin kicin a wani gidan abincin Japanawa, ya nema masa wuri. Isuhu ya yi ta magiya har maigidan, wani dattijo ɗan Japan da ake kira Baba Hayashi, ya yarda.

Ranar farko Baba Hayashi, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce wa Tunau, "Abu biyu za ka riƙe. Sashimi ɗanyen kifi ne da aka yanka siri-siri, shi kaɗai. Sushi kuwa shinkafa ce da aka gauraya da ruwan tsami, a ɗora mata kifi ko ƙwai ko kokwamba. In babu shinkafa, babu sushi."

"Na riƙe, Maigida," in ji Tunau. Ya kuwa riƙe, riƙon ne ma ya zame masa matsala.

Wata rana wani baƙo ya ce a kawo masa sashimi, amma na kifin da ya fi kowanne sabunta a gidan. A bakin ƙofa akwai akwatin gilashi mai ruwa da jajayen kifayen ado a ciki. Tunau ɗan masunta ne, ya naɗe hannun riga ya cafko ɗaya, ya kai a faranti yana wutsil-wutsil. Kifin ya yi tsalle ya faɗa cinyar baƙon, baƙon ya yi tsalle ya faɗa kan kujerar maƙwabcinsa. Aka mayar da kifi ruwa da ransa, Isuhu kuma ya wuni yana ba da haƙuri.

Wata rana Baba Hayashi ya gama gauraya shinkafar sushi, zai leƙa kasuwa, ya ce, "Kar ta huce, kar ta yi zafi. Ta zauna da ɗumin jikin mutum." Da ya dawo bai ga shinkafa ba, sai Tunau tsaye da ƙaton ciki kamar mai shirin haihuwa. Ya juye ta a leda ya ɗaure a ƙarƙashin rigarsa.

"Mene ne wannan?"

"Ɗumin jikin mutum, Maigida. Nawa ne kawai a kusa."

Dattijon ya taɓa shinkafar, ɗumin daidai yake, amma duk da haka kwandon shara ta tafi.

Wata rana wata matashiya ta ce, "Sushi nake so, amma ban da shinkafa." Tunau ya je kicin ya tsaya yana tunani, ya wanke faranti tas, ya kai mata shi wayam. "Ga shi, Hajiya. In babu shinkafa, babu sushi." Baba Hayashi ya fito da kansa ya yanka mata sashimi, don shi take nufi. Bayan ta tafi ya kira Isuhu gefe ya ce, "Ina son yaron nan, amma gidan abinci ne nake riƙe da shi. In ya ƙara ɗaya, ka mayar da shi." Isuhu ya gaya wa Tunau, ransa a ɓace. Tunau ya ce, "Yaya Isuhu, in na koma, Iya ba za ta riƙa barci ba, ko?" Tausayi ya cika Isuhu.

Wata rana wani matashi ya kawo surukansa cin abincin rana, manyan mutane da suka saba yawon duniya, tare da mahaifiyarsa da ta zo daga ƙauye. An jera sashimi, kowa ya ɗauki tsinkayen nan biyu da Japanawa ke cin abinci da su, tsohuwar kuwa ta naɗe hannu a mayafi ba ta taɓa komai ba. Baba Hayashi ya hango ta daga kicin, ya ɗauka ɗanyen kifi ne ya tsorata ta. Ya ce wa Tunau, "Je ka ɗauke mata abin da take tsoro."

Da wani ne da ya ɗauke kifin ya wuce. Tunau kuwa ba a gaya masa mene ne abin ba, don haka ya durƙusa kusa da ita ya tambaya a hankali, "Iya, me kike tsoro?"

Ta dube shi, ta yi ƙasa da murya. "Ɗan nan, ba kifi ba ne, a bakin kogi aka haife ni. Tsinkayen nan ne. Kar in ɗauka abu ya suɓuce, in kunyata ɗana a gaban surukansa."

Tunau ya miƙe ya ɗauke nata. Ya ga akwai irinsu a hannun kowa, ya bi tebur yana zarewa, har na bakin surukin da ya kai loma.  Isuhu ya dafe kai, ya fara tunanin motar da zai sa Tunau ta mayar da shi ƙauye.

Baba Hayashi ya fito, ya dubi damin tsinkaye a hannun Tunau, ya dubi tsohuwar da ta sunkuyar da kai, ya gane. Ya kwashe sashimin da kansa, ya kawo ruwan wanke hannu da babban farantin sushi. "Sashimi da tsinke ake ci, shi ya jira wata rana," in ji shi. "Sushi kuwa a garinmu da hannu mahaifina yake ci." Ya ɗauki guda da yatsu ya kai baki. Surukan suka bi. Tsohuwar ta fito da hannunta daga mayafi, ta yi bisimilla, ta ci fiye da kowa a teburin.

Da baƙin suka tafi, dattijon ya ce wa Isuhu, "Na daɗe ina duban farantin mutane, ban taɓa durƙusawa na tambaye su ba. Bar yaron ya zauna."

Isuhu ya buga waya ƙauye, aka kai wa Iya Dudu. Ta ce, "Ya yi hankali ne?"

"A'a, Iya, yana nan yadda kika san shi. A hakan aka ce ya zauna."

Lantana ta gaya mini cewa ranar tsohuwar ta kishingiɗa bayan azahar, barci ya kwashe ta, sai da aka tashe ta don kar la'asar ta wuce ta.