Hajiya Kampinka Ta Cika a Gidanta, a Bakin Titin Figil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin cikar kogin Binuwai a tsakiyar damina, Alhaji Ɗanmalam Kolo na Garwa, jikan fatake, wanda tudu ya sani ruwa ya sani, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙiya don su ma su ji daga bakin mai ita, cewa Hajiya Kampinka ta riga mu gidan gaskiya. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, a bakin titi tsakanin Figil da Pitowa, a cikin gidanta, mai gidanta yana riƙe da sitiyarinta.

Wanda bai san marigayiya ba, to baƙo ne a ƙasar nan. Daga gaba mota ce, daga baya gida ne. Akwai gado a cikinta, da murhun gas, da wurin wanka, da wani ɗan kewaye wanda mai ƙiba sai ya shiga da baya. Wasu turawa masu yawon kallon namun daji ne suka zo da ita, zafin Garwa ya fi ƙarfinsu, suka sayar suka hau jirgi. Da Alhaji ya tambayi sunanta suka ce kampinka, shi kuwa ba ya canja wa baƙo sunan da iyayensa suka raɗa masa, Hajiya kawai ya ƙara mata don girma. Filinsa na gado ya sayar ya ɗauko ta. Masu cewa ya yi wauta a lokacin, yawancinsu ambaliya ta ci gidajensu, shi kuwa ya tayar da nasa ya hau tudu da shi.

Alhaji bai taɓa zama a bencin makaranta ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Dorina ta kife masa kwalekwale a ƙarƙashin gadar Garwa, ya fito da hularsa a kai. 'Yan tare hanya sun kwantar da shi a dajin Tibati, ya yi ta ba su labari har babbansu ya mayar masa da takalmansa. Kwalara ta shiga unguwarsu ta fita ba ta ko yi masa sallama ba. Mutumin da ya ga waɗannan bai zubar da hawaye ba, yau ga shi yana share ido da bakin rawani.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da kwaɗayi sai na mai. Ta ɗauki busasshen kifin Mbakawu a kan gadon mai gidanta ba ta yi ƙorafi ba, ko da yake warin bai sake barinta ba. Ta kai amare, ta kai albasa, ta taɓa kai wani jandarma mai zazzaɓi asibiti, tun daga nan ba a ƙara tambayar takardunta a wannan shingen ba. Da safe idan aka murɗa makulli sai ta ce kirr, kirr, kirr, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce bufu, tsuntsayen unguwa su tashi. A hawan tudu tana cewa wuuu, a gangare ta ce ƙwas-ƙwas. Ba ta taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba, ba ta kai gulmar kowa ba.

Saboda ƙaunar da yake mata ne Alhaji ya shigar da ita tsarin da ake kira asistans. Wato ka riƙa biyan wani kamfani duk shekara, su kuma idan motarka ta lalace nesa da gida, ka buga waya, su turo janwe ta jawo ta zuwa gida. A ofishinsu akwai wata Madam Sidonie, mace mai fara'a, mai kiran Alhaji da Papa. Ranar shiga, a gaban mutane cike da ofis, ta tambaye shi domisil ɗinsa, wato gidan da yake zaune. Alhaji ya nuna mata ta taga, ya ce ga shi can a kan taya, ya toshe musu ƙofa. Ta yi dariya ta sake tambaya. Ya rantse cewa ba shi da wani gida a duniya sai wannan, kuma ya fi gidan duk wanda ke zaune a ofishin nan, tunda nasu ko kasuwa bai taɓa zuwa ba. Gaskiya ya faɗa, har gobe kuma ita zai faɗa. Madam Sidonie ta sa lambar motar a wurin adireshi, aka tafa masa.

Tun daga nan kamfanin ya riƙe Alhaji da mutunci. Duk sabuwar shekara sai sun aiko masa da kalanda mai hoton janwe, ja, mai ƙugiya kamar ta mahauta. A hoton nan kaɗai ya san ta. Da taya ta fashe a hanyar Tibati ya buga, Madam Sidonie ta jajanta masa sosai, ta ce amma Papa ai yana gida, abin da ya faru a gida kuwa sha'anin mai gida ne. Da batir ya mutu a Marwa, nan ma ashe yana gida. Alhaji bai yi fushi ba. Su waye a Kamaru ke da gida a Tibati da Marwa da Garwa lokaci guda, in ba shi da manyan gwamnati ba?

Ciwon ajali ya fara mata a farkon damina. Tari da safe, baƙin hayaƙi, yawan shan ruwa. Ranar da abin zai faru sun taso daga kasuwar Gider da buhunan gyaɗa a ɗakin kwana. Suna wuce Figil jikinta ya yi zafi, lagireto ya fara tafasa kamar tukunyar shayi. Alhaji ya ba ta ruwan jarka, ya ƙara mata da na butarsa ta alwala. Ta ce tak, tak, tak. Ta ce gau. Ta gangara da kanta gindin wata tsamiya, don ko a halin mutuwa ba ta son tare wa mutane hanya, ta tsaya. Bakaniken da aka ɗauko daga Gider ya sa kunne a kan inji, ya ɗago ya cire hula.

Buri ɗaya ya rage wa Alhaji, a mayar da ita Garwa, a yi mata sutura a cikin mutanenta, kafin masu sayen tsohon ƙarfe su ji wari. Ya buga waya. Madam Sidonie ta yi masa gaisuwa kamar 'ya, sannan ta tambaya ko a ina yake. Ya ce a cikinta. Ta ce to ai kuwa Papa yana gida.

Alhaji ba yaro ba ne, ya san yadda ake bi da doka. Ya ɗauki sandarsa ya taka da ƙafa, ya wuce gonakin auduga, ya hau wani dutse har sai da marigayiya ta koma kamar akwatin ashana a idonsa, sannan ya sake bugawa ya ce yanzu kam ya yi nisa da gida. Madam Sidonie ta yarda Papa ya yi nisa, ta ce amma ba Papa ne ya lalace ba, motar ce, ita kuwa ko ƙofar gida ba ta fita ba. Washegari ya yi hayar shanun huɗa daga ƙauyen da ke kusa, aka ɗaure ta, aka ja ta har ƙetaren wata gada don ta yi nisa da inda ta mutu. Shanu suka gaji suka kwanta. Ya buga. Aka duba, aka ga gidan ya biyo ta.

A nan ne Madam Sidonie ta sassauta murya ta kawo shawara. Ta ce duk Garwa an san inda Hajiya ke kwana, ƙofar gidan Ilyasu mijin Hafsatu 'yar Alhaji, a unguwar Pumpumre. An san daga gidan ake zaro wayar lantarki ta taga, daga gidan ake fito da kwanon tuwo. Papa ya faɗa da bakinsa kawai cewa gidan Ilyasu ne domisil ɗinsa, ita kuma ta gyara, janwe ta kama hanya kafin la'asar.

Jama'a, a auna wannan magana. Wai Ɗanmalam Kolo, wanda dorina ta bari, ya buɗe baki ya ce a gidan surukinsa yake zaune. Yaron da ya zo neman auren Hafsatu ya zauna a kan takalmin kawunsa. Ƙofar gida ba gida ba ce, titin gwamnati ne. Wayar lantarki zumunci ce tsakanin maƙwabta. Tuwo kuwa 'yarsa ce ta tuƙa, uba bai taɓa zama baƙo a tuwon 'yarsa ba. Hafsatu ta kira tana kuka, tana cewa Baba ya dubi Allah ya faɗi kalma ɗaya. Ilyasu da kansa ya zo a kan babur, ya durƙusa a cikin taɓo, ya ce gidansa ai gidan Baba ne, har ɗakin zaure ya sa an share. Yaron kirki ne, ba a ce ba. Alhaji ya sa masa albarka, ya ba shi kwanon gyaɗa, ya sallame shi.

Ya zauna a kan gadon marigayiya, wayar na hannunsa, ruwan sama na dukan rufi. Janwe na can, kalmar na nan a bakin harshensa. Ya dubi sitiyari, ya dubi murhu, ya dubi labulen da turawa suka bari wanda ya kai shekarun Hafsatu. Ya ga cewa idan ya faɗa, ya ƙaryata ta ke nan bayan ranta, ya mayar da ita mota kawai irin ta kowa, shi kuma ya zama tsohon da ke raɓe a gindin suruki. Ya kira Madam Sidonie ya yi mata godiya, ya ce kamfaninsu ya yi gaskiya tun farko. Hajiya a gidanta ta cika, abin da kowane mutumin kirki ke roƙo ke nan, wanda ya cika a gida kuwa ba a jan sa da ƙugiya.

Marigayiya ta bar mai gidanta Alhaji Ɗanmalam, da tayar safaya ɗaya wadda ita ma ba lafiya gare ta ba, da jak na ɗaga mota, da tukunyar gas mai sauran numfashi, da wata kaza da ke ƙwai a wurin wanka tun bara. Ta bar kyankyasai zuriya bayan zuriya, waɗanda duk a cikinta aka haife su. A Pumpumre ta bar wayar lantarki tana lilo a taga, ba mai karɓa.

Ga yadda za a yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a yi mata wanka da ruwan rafi da omo, maza kawai. Za a cire mata taya a ɗora ta a kan duwatsu huɗu, a lulluɓa rufinta da sabon tamfol. Ba za a haƙa rami ba, domin ba a binne gida da mai shi a ciki. Jauron ƙauyen, wato mai gari, ya ba da izini, ya kuma ce a riƙa sanar da shi idan an yi baƙi. Masu sayen tsohon ƙarfe da aka ga suna shawagi tun Laraba, ana gaya musu Alhaji yana kwana da adda, kuma barcinsa ba nauyi.

Zaman makoki a gida za a yi. Mai zuwa daga Garwa ya wuce Pitowa, ya yi ta tafiya har ya ga gada, gidan yana hannun dama kafin a hau ta, tsakanin gonar auduga da kwalbati. Mata su shiga ta ƙofar baya. Kowa ya zo da ruwan shansa da tabarmarsa, kuma kada a zauna a kan buhunan gyaɗa. An roƙi Hafsatu ta riƙa ba direbobin Gider kwanon tuwo su sauke a hanya.

Wanda bai samu zuwa a kwanakin nan ba, kada ya damu, ya zo duk ranar da ya samu hali. Zai tarar da Alhaji a gida, don gidan ya daina fita.