Rasuwar Ƙwallon Duniya ta Malam Zayyanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci a toshe, Malam Zayyanu, malamin elementare a ƙasar Rabah, yana sanar da rasuwar ƙwallon duniya, taswirar nan mai siffar ƙwallo, da hukumar En'e ta ba makarantarsa.

Marigayiyar ta yi zaman lafiya da kowa. In an juya ta, ba ta cewa komai sai "ƙiii, ƙiii". A jikinta yara suka fara ganin teku, su da ba su san ruwan da ya wuce gulbin Rima ba. Da ita Malam yake nuna musu yadda dare ke bin rana, da dalilin da ya sa Fulani ke kora shanu kudu da rani. Ba ta taɓa nuna Wurno ba, amma an yafe mata.

Ajalinta ya zo ne da damina. Ɗakin karatu ya fara yoyo, Malam ya kai ta gida don ya tsare ta, ya tafi bikin suna Goronyo. Gwaggonsa Habi ta gan ta, ta ƙwanƙwasa, ta ji ba komai a ciki. Ta sa wuƙa ta raba ta biyu, ta zuba madara a rabin arewa, ta kife da na kudu don ta yi nono. Marigayiyar kuwa ashe takarda ce da danƙo. Ko da Malam ya dawo bayan 'yan kwanaki, ta jiƙe ta ruɓe, Ingila ta yi funfuna, tsutsa na yawo a Bahar Maliya. Warin har zaure.

Abin da ya fi ba shi takaici, Gwaggo ko a jikinta. Cewa ta yi, "Mi niy yi, Zayyanu? Wanga ba duma na ba? Ga ma layin yanka nan an ja mishi a tsakiya."

Ta rasu ta bar allo, da sandar nuni, da 'yan aji uku waɗanda Baturen makaranta zai zo ranar Litinin ya gwada su a kanta. Shi ne ya damƙa wa Malam ita hannu da hannu, da kashedi.

Za a binne ta yau bayan la'asar, can nesa da rijiya. Masu ta'aziyya su sami Malam a makaranta kafin Litinin, don bayan nan ba shi da tabbacin za a same shi a can.