Rasuwar Marka, A-kori-kurar Gidan Malam Dalhatu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne, ni Armaya'u, ɗan marigayi Malam Dalhatu na Tambuwal, ma'aikaci a sashen ilimi na ƙaramar hukuma, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Tambuwal da Kebbe, da na Sanyinna da Dogon Daji, rasuwar tsohuwar motar gidanmu, farar a-kori-kurar nan da kowa ya sani da suna Marka. Ta cika ranar Talatar da ta gabata, gab da la'asar, a bakin ƙofar asibiti, bayan shekara talatin da ɗaya tana yi mana hidima. Shekarun da ta yi a hannun wasu kafin ta iso gare mu, Allah kaɗai Ya san adadinsu.

A al'ada nan ne wurin da ake rubuta cewa mamaci ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Na ɗauki alƙalami sau biyu in rubuta haka, hannuna ya ƙi. Ciwon Marka ya daɗe, kuma ni na sa mata shi.

Mahaifinmu ya sayo ta ne a tsakiyar damina. Ranar da aka shigo da ita gari ana ta ruwa kamar ba za a ɗauke ba, shi ya sa mahaifiyarmu, Inna Ummulkulsum, ta raɗa mata suna Marka, irin na 'ya mace da aka haifa a wannan lokaci. Malam bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah. Tun ranar farko ya damƙa makulli a hannun Baba Jumare, tsohon ɗalibinsa, wanda ya yi zaman tasha a Sakkwato ya iya tuƙi. Su biyun nan, shi da Marka, suka tsufa tare.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta. Madubinta ɗaya ne. Da safe sai ta yi tari sau uku, ƙyar, ƙyar, ƙyar, sannan ta saki gurnani mai kauri wanda makwabta ke gane cewa gari ya waye. Hon ɗinta kuwa ya dishe tun ina makarantar sakandare, in Baba Jumare ya danna sai ka ji kamar tsohon rago ne ke kiran ɗan'uwansa.

Amma ba a taɓa ɗora mata kaya ta ƙi ba. Duk watan azumi ita ke kai Malam da akwatunan littattafansa Kebbe wajen tafsiri. Da kaka ta kwaso dawa da gero daga gonarmu. Ranar kasuwa matan Sanyinna kan tare ta a hanya da buhunan albasa, Baba Jumare ya tsaya ko da wuri ya cika, a matsa a yi wa juna wuri. Kayan ɗakin yayyena mata duka a bayanta aka kai. Kuma ranar da Malam ya rasu a Sakkwato, ita ce ta dawo mana da shi gida. Baba Jumare ya ce duk tsawon hanyar ko tari ɗaya ba ta yi ba.

Bayan rasuwar Malam hidimar gida ta dawo kaina, Marka ma ta shigo cikin abin da na gada. Muka ci gaba kamar da, har shekarar da fetur ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Daga nan hirar mutane ta sauya. A inuwar da muke zama bayan an tashi aiki, ba a maganar komai sai mota. Wani ya ce zamanin a-kori-kura ya wuce, mai hankali ƙaramar mota zai nema, wadda za ta kai shi Sakkwato ta dawo da ɗan man da bai kai ya kawo ba. Wani ya ce a'a, bas ita ce mota, ka ɗauki iyalinka ranar biki, sauran kwanaki ka sa ta a layi ta ciyar da kai. Masu gingimari su ma suna da nasu, sun ce in dai kaya ne to a bar wa manya. Har akwai mai cewa nan gaba kaɗan duk motar da ba ta aiki da gas sai dai a yi kaskon suya da ita.

Na shiga wannan hira da ƙafa biyu. Na zama kamar dillali, alhali ko taya ban taɓa sayarwa ba. Na san wadda cikinta ya fi faɗi, da wadda ta fi shan mai, da wadda kayan gyaranta suka fi samuwa a Sakkwato. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, galibi a kan ƙofar bayan Marka nake zama ina wannan lissafi, ina nuna wa abokai hotunan wasu motoci a waya, ina buga jikinta da tafin hannu ina cewa wannan kam ta gama zamaninta.

A ƙarshe na sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano, mai ruwan toka, mai sanyi a ciki, wadda in ta tashi ko kukanta ba ka ji. Ba na ɗora mata laifin komai. Abin da aka ƙera ta don shi take yi. Washegarin zuwanta na kira Baba Jumare zaure, na yi ta zagaye-zagaye da maganar tsadar mai da halin da ake ciki, har ya gane inda na dosa. Dattijon da ya goya ni ina yaro ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, “Na ji, Armaya'u. Amma ko ba ka hawanta, ka riƙa tada ta ko sau guda ga mako. Kamin ka murɗa makulli, ka duba ruwa da baƙin mai. Shi ke nan roƙona.”

Na ce in Allah Ya so zan yi. Sau biyu na yi.

Shekara ɗaya da rabi Marka ta yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Damina biyu suka sauka a kanta. Tayoyinta suka saki, kaji suka mayar da kujerar direba wurin kwanci, awaki suka riƙa hawa bayanta suna cin ganye. Kullum da safe sai na wuce ta gefenta in shiga sabuwar, har na koyi yadda zan ajiye ido a wani wuri. Inna ta taɓa tambayata ko na san me Jumare ke ci yanzu. Na ce na ji yana ɗan taɓa noma. Gaskiyar ita ce ban sani ba, kuma ban bincika ba. Gidansa yana bakin hanyar da nake bi zuwa ofis, amma sai na sauya hanya.

Ranar Talatar nan da sassafe aka kira daga Fakku cewa Kawu Nu'umanu, yayan Inna, ya faɗi a gona. Yana numfashi, amma ba ya iya zama, sai a kwance za a ɗauko shi. Sun nemi mota a can ba su samu ba, don masu bas yanzu ba sa yarda su sauka daga kwalta, kuma ruwan bana ya cinye wani yanki na hanyar. Na fita da makullin sabuwar motata a hannu, na tsaya ina kallonta. Cikinta dab da ƙasa yake, kwazazzabon farko zai riƙe ta. Ko ta tsallake, babu inda dogon mutum kamar Kawu zai miƙe a cikinta. Duk ilimin motocin da na tara a inuwa bai gaya mini wannan ba.

Na juya wajen Marka. Na kori kaji, na sa aka ba tayoyi iska, na cire batirin sabuwar na ɗaura mata, na ɗura fetur. Ban buɗe murfin lagireto na duba ruwa ba. Ban zaro sandar baƙin mai ba. Sauri nake yi, haka na gaya wa kaina. Na murɗa makulli, ta yi tarinta uku, ta tashi, kamar jiya na kashe ta.

Hanyar fita gari ta ƙofar Baba Jumare ta bi. Tun daga nesa na hango shi zaune a kan dakali, ya miƙe tsaye da ya ji kukanta. Na san ya kamata in tsaya in ce ya zo ya riƙe sitiyari, shi ya san ta. Amma tsayawar nan tana nufin in gaishe da mutumin da na yi shekara ɗaya da rabi ina guje wa. Na taka totur na wuce, ina kallon gaba.

Ta kai ni Fakku. Inda ruwa ya yanke hanya ta gangara ta hau, tana gurnani, ba ta ja da baya ba. Aka shimfiɗa katifa a bayanta, aka kwantar da Kawu, mutum biyu suka riƙe masa zane don rana. Sai da muka juyo, muka yi nisa, na lura allurar zafi ta kwanta a kan ja. Wani wari kamar na tukunyar da ta ƙone ya fara shigowa. Daga ƙarƙashi kuma na fara jin wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali da farko, sannan ta yi ta ƙaruwa. Na leƙa baya, aka yi mini alama da hannu cewa numfashin Kawu yana yin ƙasa. Na san in na kashe ta a dajin nan ba za ta sake tashi ba. Na ci gaba.

Wannan shawara ta ƙarshe ba na nadamarta, kuma na tabbata da Malam yana raye ita zai ce a yi. Biyun farko ne ke hana ni sukuni, wadda na yanke da safe a ƙofar gida, da wadda na yanke a ƙofar Baba Jumare.

Muna isa ƙofar asibiti, kafin in taka burki, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, farin hayaƙi ya taso daga gabanta, ta yi shiru. Ma'aikata suka sauke Kawu suka shiga da shi. Alhamdu lillahi, ya farfaɗo, jiya ma ya sha kunu da hannunsa, har ya tambayi wa ke duba masa dawarsa.

Mu'awiya bakanike ya zo ya buɗe ta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe a hankali. Ya nuna mini robar ruwa da ɓeraye suka huda, abin da da ɗan ƙyalle da waya za a ɗaure cikin minti biyar. Ya ce inji ya tsage, kuma irinsa ya ƙare a kasuwa, masu sayar da kayan gyara duk sun koma kan na sababbin motoci. Muna tsaye sai ga Baba Jumare ya iso a ƙafa. Bai dube ni ba. Ya ɗora tafin hannunsa a gabanta, inda har lokacin da sauran ɗumi.

Ya ce, “Tun daga nesa na ji ƙishirwa taka ji. Buta na hannuna sadda kunka wuce, cike take. Na ɗaga maka ita.”

Na ce ban gani ba. Ya ce ya sani, ai ban duba ba.

Marigayiyar ta bar Inna Ummulkulsum, wadda ta raɗa mata suna, wadda kuma tun ranar Talata gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita. Ta bar Kawu Nu'umanu, fasinjanta na ƙarshe, wanda har yanzu ba a gaya masa ba. Ta bar matan Sanyinna da suka daɗe da daina jiran ta a bakin hanya, da kaji bakwai da ba su da masauki. Ta bar ƙaramar mota mai ruwan toka, wadda ke tsaye babu batir, don na kasa zuwa in ciro shi. Sama da kowa ta bar Baba Jumare, abokin tafiyarta na kusan shekara talatin.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo da sikelinsu tun ranar Laraba, na sallame su. An tsayar da cewa ranar Asabar da hantsi za a ɗauko ta daga bakin asibiti. Ba za a ja ta da wata mota ba, turawa za a yi da hannu, Baba Jumare a kan sitiyari, ni a baya cikin masu turi. Za a kai ta garejin Mu'awiya, inda za a raba bayanta da ƙafafunta na baya daga gangar jiki, a ƙera amalanken shanu da su. Amalanken na Baba Jumare ne, tare da bijimai biyu da za su ja shi. Da na aika masa da wannan magana bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba, ya ce dai a tabbata an sa wa ƙafafun man giris.

Liman ya tunatar da ni cewa ba a yi wa ƙarfe salla, na kuwa yarda, don haka ba za a yi ba. Addu'ar da ake roƙo ta Malam ce, da ta samun lafiyar Kawu. Masu zuwa kada su kawo mini shawarar motar da za ta maye gurbinta, na ji isasshe.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar ɗin daga azahar zuwa la'asar a ƙofar gidan Baba Jumare, ba a gidana ba. Ni ma can za a same ni, a bakin tabarma, ina jiran layi ya zo kaina.