Ranar da Barira Ta Miƙa Asalin Rubutun Manhaja

Da sunan Allah muke buɗe tarihin Barira 'yar Ɗanjuma mai faci, jikar Tabawa mai ƙuli-ƙuli, Sarauniyar Bayan Labule, Garkuwar Telolin Mata na Kazaure, wadda ko sallama aka yi mata sai ta rasa inda za ta ajiye idonta.

Ita ce jarumar da karatunta ya tsaya a firamare, amma ta cafko wata manhajar kyauta ta ajiye awon ɗinki, ta yi ta dambe da ita a tsohuwar kwamfutar yayanta har ta mayar da ita Hausa, ta ƙara mata awon zani da na ɗankwali, ta raba wa mata a waya. Ana sa mata albarka, tana wasa da bakin hijabi.

Sai fitina ta kunno kai. Anti Saude, shugabar telolin, ta aiko cewa 'yarta mai karatun kwamfuta tana son asalin rubutun da aka gina manhajar da shi. Lasisin manhajar kyautar kuwa bai bar ƙofar gudu ba: wanda ya gyara ya raba, wajibi ne ya ba masu karɓa rubutun yadda yake. Barira ta san haka. Ta kuma san cewa a cikin rubutun nan, awon ƙugu mafi faɗi, ita da bakinta ta raɗa masa suna AntiSaude.

Jaruma ta ja daga. Ta sauya sunan, manhaja ta faɗi warwas. Ta maido shi, manhaja ta farfaɗo. Ta yi niyyar hijira gidan gwaggonta a Roni, sai ta tuna can ma akwai waya. Daga ƙarshe amana ta rinjayi kunya, sadaukiya ta yi ɗamara da ɗankwali, ta yi kabbara a zuci don kada maƙwabta su ji, ta rufe ido ta tura, ta shige ɗaki tana jiran hisabi.

Washegari da hantsi Anti Saude ta cika ƙofar ɗakin.

"Ke Barira, an ce ƙuguna ne a cikin kwamfuta?"

Gwarzuwar ta amsa wa tabarma cewa e.

"To ai ba ƙarya kika yi ba. Amma kin rage mini inci biyu. Gyara kafin ki sa a ɓata mini atamfa."