Lamba Sha Bakwai Saniya Ce

Ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na tona wa kaina asiri da bakina ba, kuma tun yanzu bari in gyara labarin da ke yawo. A layinmu na Agege cewa ake an kore ni daga aiki saboda satar nama. Yayata kuma ta bi gida-gida tana cewa tsoron Allah ne ya sa na faɗi gaskiya. Duk ba haka ba ne. Ban saci komai ba, ƙari ma na yi musu. Tsoron Allah kuwa, Allah Ya yafe min, sati biyar ina danne shi lafiya lau.

A 2001 na samu aikin, shekara biyu da gama sakandare. Wata likita ce Bayarabiya da ta dawo daga Turai bayan sojoji sun sauka daga mulki, ta buɗe ɗakin bincike a bayan wani asibiti a Ikeja. Dakta kawai nake ce mata. Aikina wanke kwalabe, yi wa marasa lafiya tafinta, da ɗauko kaya daga wani asibitin a Ogba. Kayan kuwa kitsen mutane ne. E, na mutane. In an yi wa wani tiyata kuma ya amince ya sa hannu, sai a yanko ɗan kitse kamar kan yatsa, a sa a kwalba, in saka a kula da ƙanƙara in kawo.

Dakta ta zana min a bayan takarda. Wai a cikin kitse akwai wasu ƙwayoyi da ba su riga sun yanke shawarar abin da za su zama ba, suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko su koma kitsen. Ita tana rainonsu a faranti, sannan ta duba wane umarni ne na halitta ke kunne a cikinsu, wane ne a kashe, kamar makunnin wuta. Na gane tun a karon farko, ta kalle ni ta ce, "Aburo, kina da kai." (Aburo ƙanwa ke nan. Babu wanda ya taɓa gaya min ina da kai. Baki dai, kowa ya shaida.)

Ita kaɗai ce ke min magana a wurin. Ɗalibanta "Hausa" suke kirana, kamar ba a yanka min rago ba. Abincin rana ni kaɗai nake ci a matattakalar baya. A gida kuma ban isa in faɗi abin da ke cikin kular nan ba. Wa zan gaya wa? Umma ta ɗauka magani nake kaiwa. Ƙawayena duk sun watse, wasu Kano, wasu Mile 12 gidan miji. Sai in dawo da labari cike da baki, in haɗiye shi da tuwo.

Akwai wasiƙa mai hatimi da Dakta ke ba ni duk fita, mai bayanin abin da na ɗauka. Ranar da abin ya faru, sakatariya tana bugawa da yatsa ɗaya tana hira, na tsaya minti goma, na ce ai ba yau na fara ba, na fice.

A dawowa, da kitse mai lamba sha bakwai cikin kula a cinyata, danfonmu, wato bas ɗin haya, ya tsaya cak. Wasu 'yan sintiri ne suka tare hanya, suna sauke mutane suna zazzage jakunkuna, wai an yi fashi. Lokacin garin ba daɗi, kowa a tsorace yake da kowa. Sai na hango kaina: Bahaushiya da hijabi, da naman mutum a kula, ba takarda. Na san abin da ake yi da taya da fetur a Legas. Na zura hannu a hankali, na zaro kwalbar, na sake ta ta taga cikin kwata. Da aka zo kaina wani ya buɗe ya ga ƙanƙara da kwalbar ko-ta-kwana, fanko.

"Hajiya, na ice block you dey sell?"

Na yi masa murmushi.

Mai hankali zai wuce Ikeja ya faɗi abin da ya faru. Ni okada na hau zuwa abbatuwa, wurin Baffana, mahauci.

"Ke kuma daga ina da rana tsaka?"

"Kitse nake so, Baffa, na miya."

Ya miƙo min wani fari mai tauri. Na ce a'a. Na zaga har na sami tsohuwar saniya da aka kayar yanzu-yanzu, na nuna na ƙarƙashin fata, rawaya mai laushi.

"Wannan ai na talakawa ne. Yarinyar nan boko ya lalata miki baki."

A gidan mahauta na tashi, na san kitse kamar yadda wasu suka san atamfa. Na wanke shi sau uku da ruwan magani yadda aka koya min, na daddatsa shi sala-sala kafin Dakta ta fito daga aji. Ta leƙa ta ce, "Hannunki da kyau."

To ga masifa: ƙwayoyin suka kama. Suka fi na kowa girma. Dakta ta riƙa kiran mutane su zo su ga lamba sha bakwai. Amma da aka zo duba umarnin nan, sai abu ya ƙi. Na kowa ya fito layi-layi, na lamba sha bakwai kuwa wani wurin babu, wani wurin a karkace. Ta sake. Ta kuma sakewa. Sinadarin da take amfani da shi a jakarta ta taho da shi daga Turai, ba a samunsa a nan, ina kallo yana ƙarewa. Ta daina cin abinci a kan lokaci. Ta ce ko hannunta ne ya lalace. Ni kuwa ina gefe ina wanke kwalabe da ƙwazo irin na marar gaskiya. A ƙarshe ta aika wa wata abokiyar aikinta a ƙasar waje ƙwayoyin ta duba.

Ranar Talata amsa ta zo. Aka taru, har da Farfesa, babban ogan wurin, mai magana kamar yana raba gado. Ina tsaye a wurin famfo. Dakta ta karanta takardar sau biyu, ta ce, "Lamba sha bakwai saniya ce."

Aka fashe da dariya. Farfesa ya ce ai abin a fili yake: ruwan da ake ciyar da ƙwayoyin daga jinin maraƙi ake yinsa, wani ɗalibi ne ya yi ƙazanta ya gauraya. Ya juya kan Kunle, wanda ke haɗa ruwan. Kunle ya fara rantsuwa. (Zan so in ce tausayinsa ya kama ni. Bai kama ni ba. Shi ya laƙaba min "Hausa".)

Dakta ta ce a hankali, "Ko dai tun daga kitsen ne, sir?"

"Haba! Kitsen shanu fari ne, mai tauri kamar kyandir. Ko makaho ba zai ruɗe ba. Babu saniyar da kitsenta ke kama da na mutum."

Kafin in ankara na ji muryata.

"Ba duka ba, sir. Na wajen ƙoda ne fari. Tsohuwar saniya mai cin ɗanyar ciyawa, in ka ɗebo na ƙarƙashin fata, rawaya ne shar. In aka daddatsa, ko kai ba za ka gane ba."

Famfo na zuba. Ban taɓa sanin ruwa na da ƙara haka ba.

Farfesa ya cire tabarau. "Ke ya aka yi kika sani?"

Sai na zayyana komai, da soso a hannu, kumfa na bin gwiwar hannuna. Har Baffa na ambata, bawan Allah. Kunle ya zauna a ƙasa don dariya.

Dakta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta jira kowa ya fita.

"Da kin zo kin ce kin jefar, da na ce kin kyauta, ranki ya fi. Sati biyar kina tsaye nan kina kallona ina zargin kaina." Ta naɗe takardar. "Je ki gida."

Ba ta ce aburo ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ina zaune a ɗaki, ina jin maƙwabta na gyara labarina ta katanga. Abin da na koya shi ne ƙarya sana'ar masu haƙuri ce. Sai wanda zai iya jin babban mutum yana faɗin shirme a kan kitse ya yi shiru. Ni ba ni da wannan baiwar, don haka na yi ritaya.

Gobe da safe zan je in tsaya a ƙofar ofis ɗinta har ta fito. Ba aikin zan roƙa ba. Kalma uku na shirya: ki yafe min. Na gwada su a gaban madubi, kuma kullum sai "amma" ta biyo baya. Na yanke shawarar in na faɗe su zan cije leɓe, in ƙirga ashirin a zuci, ko me ta ce.