Ranar Da Na Yi Wa Ƙwai Ƙunshi

Abubuwa da yawa na zaman Riyad sun riga sun shige mini, amma ranar da na yi wa ƙwai ƙunshi kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. 'Yata ma ba ta manta ba, sai dai ta fi ni kara, ba ta tayar da zancen.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan. Wanda ya san aikin ya san yadda muke: ka fita da sassafe, ka dawo ƙafafu a kumbure, ka ci abinci a tsaye, ka kwanta kana jin kukan na'urori a kunne. Maigidana yana aiki can Jubail, sai ƙarshen mako yake leƙo mu, wani makon ma sai dai waya. Daga ni sai Ruƙayya, wadda a lokacin take aji uku. A nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta.

Damuwar Ruƙayya a duniya ɗaya ce, ƙawaye. Mun sauya gida, ita ma ta sauya makaranta, ta yi watanni tana cin abincin tara ita kaɗai. A benenmu, hawa na sama da mu, akwai wasu Misirawa, 'yarsu Mariyam ajinsu ɗaya da ita. Mariyam ɗin nan kuwa ita ce uwar tafiyar 'yan matan ajin, wadda duk ta ja hannunta ta shiga gari. Ruƙayya ta daɗe tana ra'ayinta daga nesa. Ni kuma da zan ɗan taimaka, ko taron iyaye ban taɓa samun zuwa ba, kullum ina bakin aiki.

Wata rana na dawo a gajiye liƙis, muka haɗu da uwar Mariyam a lif.

"Ya Ummu Ruƙayya, ranar Juma'a muna da ɗan taro a gida," in ji ta. "Bikin shigowar bazara ne na ƙasarmu. Ana cin kifi mai gishiri da ɗanyar albasa, yara kuma kowa ya zo da ƙwansa mai launi. Ku zo ke da yarinyar."

Na tambaye ta ko wata ibada ce, ta yi dariya ta ce gargajiya ce kawai, tun kakanni. Sharaɗinta ɗaya: ban da rinin kanti. "Abin kicin kawai, ɓawon albasa, kurkum, zoɓo. Saboda yara."

Na gyaɗa kai. (A nan ya kamata in tambaya me ya haɗa lafiyar yara da launin kayan ado. Ban tambaya ba. Gadona kawai nake hangowa.) Ni a raina, ƙwan kwalliya ne, a jera a kwando a ɗora kan tebur kamar furen roba, a gama biki a zubar.

Da na gaya wa Ruƙayya, sai da ta zagaye falo da gudu. Ta ce, "Mama, za ki je? Ke da kanki?" Na ce da kaina. Na je na yi ta lallaɓa wata abokiyar aikina 'yar Filifin har ta yarda muka yi musayar aiki, ta karɓi Juma'ata, na karɓi nata ƙarshen makon da babu mai so.

Na sayo farin ƙwai a baƙala, wato ɗan kantin unguwa, na roƙi mai kantin ya bar ni in tsince ɓawon albasar da ke ƙasan buhu. Ya dube ni, ya dubi kayan asibitin da ke jikina, ya nuna mini buhun. Na jiƙa zoɓo a ruwan sanyi na tsoma ƙwai, ya fito toka-toka, ko kyan gani babu. Na gwada kurkum, ya kama yatsuna, ya kama teburin kicin, ya kama tawul, ƙwan ne kawai ya ƙi. Ɓawon albasa kuwa sai iyo yake a ruwa yana kallona. Na zauna a kujera na dafe kai, ina tunanin wa ya aike ni.

Can sai na tuna da lallen da Hajiyarmu ta aiko mini daga Gusau. Nan take gajiya ta sake ni. Ni fa kafin in san hanyar makarantar jinya, babu amaryar da za a yi a unguwarmu ba a neme ni ƙunshi ba. Lalle ganye ne, babu guba, ya cika sharaɗi. Na kwaɓa shi da lemun tsami da ɗan sukari, na ɗauko salatif da reza na yanka zane, na manna wa kowane ƙwai, na shafe shi da lalle, na naɗe da leda. Da na rasa abin da zai riƙe ɗumi, sai na kwaso tsofaffin safar Ruƙayya na zura su ɗaya-ɗaya.

Tana tsaye tana kallona, ta ce, "Mama, Mariyam ta ce mamarta dafawa take yi."

"Ita da ɓawon albasa take yi, dole ta dafa, in ba haka ba ba zai kama ba," na ce mata da muryar gwanaye. "Wannan lalle ne. Ina kika taɓa ganin an dafa amarya?"

"Amma Mama..."

"Halas, magana ta ƙare. Wuce ki yi aikin makaranta."

Kowa ya san lalle da son zafi, shi ya sa ake gasa hannu a garwashi. Ni ba ni da garwashi, amma ina da ranar Riyad. Na jera su a tire na fitar da shi baranda, na ajiye shi inda rana ta fi dukansa. Daga nan aiki ya haɗiye ni, ban sake bi ta kansu ba sai safiyar Juma'a. (Eh, ni ɗin nan da nake yi wa majinyata huɗuba a kan ajiyar abinci.)

Da na kwance su, wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai. Sun yi jajir, zanen ya fito raɗau, na goga musu mai suna ƙyalli. Na ji wani ɗan bashi-bashi yana tashi, na ce ai warin lalle ne. Ruƙayya ta sa sabuwar rigarta, na ɗaura atamfata ta fita kunya, muka hau sama ina riƙe da kwando.

Falon cike da mata da yara, an shimfiɗa kafet ruwan madara, ga warin kifin nan nasu ya cika ko'ina, wanda in ba ka saba ba sai idonka ya yi ruwa. Ana ganin kwandona aka yi caa a kansa. "Masha Allah! Da hannu kika yi?" Ƙwan kowa launi ɗaya ne, nawa ne kaɗai mai zane. Mariyam ta zo ta ɗauki biyu, ta ja hannun Ruƙayya ta zaunar da ita kusa da ita, sauran 'yan matan suka kewaye su. Na hango 'yata tana dariya har da rufe baki. Rabon da in ga wannan dariyar na manta. Kaina ya kumbura, na nutse cikin kushin ina yi wa mata bayanin ƙunshi da gurgun Larabcina.

Ina cikin bayani idona ya sauka a kan wata mata tana ɓare wani ƙwai ruwan ɗorawa. Ta ɓare shi tas, ta barbaɗa gishiri, ta tura a baki.

Na katse bayanin cak.

Ashe ci ake yi. Ashe dafawar da launin aiki ɗaya ne, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin faɗa mini.

Kafin ƙwaƙwalwata ta gama wannan lissafi, kakar Mariyam, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajja, ta tafa hannu aka yi shiru. Matar da ke gefena ta raɗa mini cewa al'adar gidan ce, duk shekara Hajja takan zaɓi ƙwan da ya fi kyau, ta fasa shi a goshin yaron da take son karramawa, ta ɓare ta ba shi a baki. Hajja ta miƙa hannu cikin kwandona. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Bana baƙuwarmu ce. Zo nan, habibti, 'yar lelena."

Ruƙayya ta tashi ta je ta durƙusa, ta ɗaga fuska tana murmushi.

Na yunƙura, kushin ya riƙe ni, ƙafata ta yi tsami. Na nemi yadda ake cewa ɗanye da Larabci na rasa, duk Larabcin asibiti ne ke zuwa mini, ina ke ciwo, buɗe baki, ja numfashi. Sai kawai na ƙwalla da Hausa, "Hajja, ɗanye ne!"

Mutum ɗaya ce ta ji Hausa a falon, Ruƙayya. Ta juyo da idonta gare ni, daidai lokacin da hannun Hajja ya sauka.

Ba zan yi muku dogon bayani ba. Ƙwan da ya kwana a leda cikin safa, ya yini a rana, ya sake kwana, kun san abin da ke cikinsa. Ya gangaro ta goshinta, ta hancinta, ya sauka a sabuwar riga, ya bi hannun rigar Hajja. Warin kifin nan da nake ganin babu na biyunsa, nan take ya sallama. Mariyam ta firgita ta saki biyun da ke hannunta a kan kafet. Yara suka watse suna toshe hanci, wani yana kakarin amai, mata suka rufa wa tagogi.

"Ma'alesh, ma'alesh, ba komai," uwar Mariyam ke ta faɗa, fuskarta kuwa tana cewa da komai. Hajja dariya ta kama ta har da tari. Wata mata ta sunkuyo inda na durƙusa ina dirzar kafet da atamfata ta fita kunya, ta tambaye ni a hankali, "Yi haƙuri, ba ke ce aka ce nas ba ce?"

Na ce ni ce.

Ruƙayya ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Muka sauko ta matattakala don kada mu ɓata wa mutane lif. A banɗaki na wanke mata kai, na sake wankewa, na sa lemun tsami, na sake wankewa, ita dai tana sunkuye. Na yi ta ba ta haƙuri har bakina ya gaji. Sai da nake goge mata gashi ta yi magana, a hankali, ba da fushi ba.

"Mama, wani lokacin ki je aikinki kawai. Ba sai kin ɗauki hutu saboda ni ba."

Na sha jin maganganu masu zafi daga majinyata da danginsu, babu wadda ta taɓa zaunar da ni a bakin baho sai wannan.

Ƙawayen dai ta same su, amma da farashinsu. Tun daga ranar Lahadin da ta koma makaranta (a nan Lahadi ake fara mako) suka raɗa mata suna Baida, wato ƙwai, kuma har yau da shi suke kiranta. Na ce zan je in ga malamarsu, ta riƙe mini hannu ta ce don Allah in bari, da ai babu ma mai kiranta ko da wane suna. Ni kuma ribar da na ci ita ce matan benen duk sun gano na iya ƙunshi, ranar hutuna ɗaya tilo sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, an zo da ƙafafu.

Darasin da na ɗauka ba shi da zurfi. Gwaninta a ƙafar amarya ba ta kaiwa ga tukunyar mutane. In za ka shiga al'adar wasu, ka tambaya tun farko, ci ake yi ko kallo. In kuma 'yar aji uku ta ce maka dafawa ake yi, ka ajiye girman kai a gefe, ka ɗora ruwa a wuta.