Rasuwar Shogan, Faifan Gidan Idirisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Idirisu malamin gona, mazaunin Dutse, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifan sidina na tarihin ƙasar Japan, wanda majalisarmu ta fi sani da Shogan, wato sarkin yaƙinsu na zamanin da.

Marigayin ɗan gwanjo ne. A kasuwar Ringim na same shi, na ga mai takobi a bangonsa, na ɗauka fim ɗin faɗa ne. Da na iso gida sai na tarar da wani dattijo yana nuna taswira, yana zuba Turancin da ya fi ƙarfin sakandaren da na yi. Kunyar mayarwa ce ta sa na zama masanin Japan na unguwarmu.

An shaide shi da kamun kai. Ba rawa, ba waƙa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya tura finafinansa ƙarƙashin gado, shi kuwa a ƙofar gida nake kunna shi, dattawa su zauna su yi barcinsu lafiya.

Da lalurarsa ya zo hannuna. Duk sanda rundunoni biyu suka ja daga, masu jar tuta da masu fara, sai numfashinsa ya sarƙe, ya ce, “Sho-gan-gan-gan, ƙirrr,” ya tsaya cak. Ban taɓa ganin ƙarshen yaƙin ba. Ni na tsaya kan masu ja ne suka ci, Alhaji Hashimu na Miga ya kafe kan masu fara, muka shekara uku muna musu. Har gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu.

Mun yi jinya bakin ƙarfinmu: makilin, kananzir, hura masa iska, goge shi da bakin riga. Ranar Talata son ganin ƙarshen nan ya ci ƙarfina. Na ga yadda uwargida Kaltumi ke fito da hasken tukunya da toka, na ce to me zai hana. Ita kam ta hana ni, amma na dirje shi da tokar. Ya yi ƙyalli irin wanda bai taɓa yi ba, bai kuma sake cewa uffan ba.

Ya bar bango ɗaya mai tsaga, da na'urar da ta gaji da shi, da ni, masanin da bai san ƙarshen karatunsa ba. Na yi kewarsa ƙwarai.

Za a kai shi makwancinsa ranar Asabar da hantsi, a gonar gerona da ke hanyar Buji, inda za a rataye shi a kan sanda ya riƙa korar tsuntsaye, ko ya samu yaƙi ɗaya da zai kai ƙarshensa. Zaman makoki a ƙofar gidana. Duk wanda ya san rundunar da ta ci, don Allah ya ja ni gefe ya faɗa mini a kunne. Idan masu fara ne, ya yi ta'aziyya kawai ya wuce.